Sharar Gindin Buhu

Ranar wata kasuwa a nan Haɗejiya, ina zaune ina warware zare, na ji wani saurayi yana ce wa abokinsa in aikin acaɓa ya ƙi shi, basilla zai saya ya shiga ɗinkin buhu, wai ai wannan ko makaho ya iya. Ba da ni yake ba. Amma na kwana biyu ina juya maganar, don samari irinsa da yawa suna zuwa yanzu, kowa da sabuwar basilla a aljihu. Shi ya sa na ga gara in rubuta abin da na sani a kan aikin nan. Karatuna bai wuce firamare ba, inda aka ga na kauce a yi mini afuwa. Sunayen mutanen da zan ambata kuma na canja su, kada in ɗauki alhakin wani.

Buhun farko da na ɗinka na gero ne, a kasuwar Kafin Hausa, a gaban maigidana Baba Maina, Allah ya jiƙansa. Kafin ranar na shekara guda a wajensa ban taɓa basilla ba, aikina riƙe bakin buhu ana zubawa. Da na gama ina ganin ɗinki ya yi, sai ya ce, "To, ɗauka ka kai mota." Na ce ai ga 'yan dako nan. Ya ce, "Na gan su. Kai na ce." Aka ɗora mini. Ban yi taku goma ba bakin ya buɗe, gero ya bi ta wuyan rigata har cikin wando. Mutane suna ta dariya, shi bai yi ba. Ya bari na kwashe abin da zai kwasu, sannan ya nuna mini inda na ɓata: na fara ɗinki ban ƙulle kunne ba. Kunne shi ne kusurwa biyun nan da ake murɗewa a ɗaure a gefe da gefen bakin buhu. Su suke riƙe ɗinkin, su ne kuma ɗan dako yake kamawa in zai ɗaga.

Kayan aikin ba su da yawa. Basilla, wadda ta ɗan lanƙwasa a baki ta fi miƙaƙƙiya, don ba ta yaga buhu. Zare, a da na rama ne, yanzu na leda, mai yanka yatsa in hannu ya bushe. 'Yar wuƙa. Guntuwar fata da ake ɗaurawa a tafin hannu a riƙa tura basilla da ita; wanda ya raina ta, wata rana gindin basilla zai shige masa tafi, na ga wanda sai da aka yi masa aiki a asibiti. Sai sanda, mai kaurin ƙotar fartanya, tsawonta zuwa ƙugu. Ita ce ba a gaya wa sabon shiga amfaninta sai ya daɗe.

Ni a Miga na san amfaninta, ranar da na fara yi wa Alhaji Ɗan'azumi aiki. Dillalin shinkafa ne, yana saye a hannun manoma yana aika wa masu injin casa a Kano. Na zuba shanshera, wato shinkafar da ba a cashe ba, buhu ya cika, na murɗe kunne zan ɗinke. Ya danna buhun da gwiwa, gwiwar ta ɗan shiga. Ya ce, "Maina, wannan yaron naka matashin kai yake ɗinka mini?" Baba Maina ya karɓi sandar ya nuna mini. In an zuba rabi, mutum biyu za su ɗaga buhun su buga shi da ƙasa sau uku. A soka sanda har kusurwoyin gindi a jujjuya. A ƙara zubawa, a sake bugawa, a sake sokawa. In ya cika har baki ba a haɗa leɓen ba, sai a tula wata a sama, a rufa da ƙyallen tsohon buhu, a bi shi da zare kamar raga. Wannan ƙyallen shi muke kira hula. Buhu mai hula ba shi da kunne, don babu sauran abin murɗewa. Buhun da manomi ya saba yana cin tiya arba'in, a hannuna daga baya yakan ci arba'in da takwas, wani lokaci har hamsin.

Ga inda abin yake, ku da kuke son shiga. Dillali da buhu yake saye a wajen manomi, amma a kan sikeli yake sayarwa a Kano. Duk abin da sandata ta tura ciki, manomi bai sayar ba, an dai tafi da shi. Buhun na mai saye ne, shi yake zuwa da abinsa. Ladan maɗinki ma mai saye ne yake biya. Manomi kuwa, in ya ce ya sallama, ba ya sake taɓa tsibin hatsinsa ko buhun sai an gama cika adadin da aka yi ciniki, haka kasuwa ta gada. Yana tsaye yana kallo. Na taɓa tambayar Baba Maina ko abin nan ya halatta. Ya ce, "Je ka tambayi malamai, ni buhu na iya." Na tambayi malami biyu. Ɗaya ya ce tun da a gaban mai kaya ake yi kuma bai hana ba, babu laifi. Ɗaya ya ce shirun wanda ba shi da wani mai saye ba yarda ba ce. Na dawo na ci gaba da aiki, da maganar biyun duka a kaina.

Ba manomi kaɗai hula take ci ba. Akwai wani ɗan dako, Sabo, da muka yi shekaru muna bin Alhaji Ɗan'azumi tare. Su a kan buhu ake biyansu, ko mai kunne ne ko mai hula kuɗin ɗaya ne. In na gama ɗinki ya zo ya zagaya buhun yana neman abin kamawa, sai ya ce, "Habu, wannan shinkafa ce ko raƙumi ka yanka ka cusa?" In ce masa ya je ya tambayi Alhaji. Ya ce, "Alhaji bai san nauyin komai ba sai na babbar rigarsa." Rungumar buhun suke yi su uku su ɗora wa ɗaya a wuya, ya hau katako zuwa cikin mota. Yau Sabo goro yake sayarwa a bakin tasha, a zaune yake salla.

Abu ɗaya da kasuwa ta bar mana shi ne shara. Duk abin da ya zube a gindin buhu wajen bugawa da sokawa, na maɗinki ne da 'yan dako. Ba a yi masa ciniki, ba a roƙa. In an tashi mu share, mu sheƙe ƙasar, mu raba. Wata rana tiya ɗaya, wata rana uku. Da ita na riƙe gidana a shekaru masu yawa, ba zan ɓoye ba.

Aikin da nake son ku ji sosai na yi shi ne a shekarar da kogi ya yi ambaliya ya ci gonakin fadama gab da kaka. Wanda ya ga shekarar ya san ta. Shinkafa ta fitar da kai, ruwa ya zo ya shafe ta, garuruwan bakin kogi suka koma kan tudu. Kasuwa ta mutu. Sati uku ban ɗinka buhu ko ɗaya ba. Ana nan sai Alhaji ya aiko a kira ni da Sabo da wani ɗan dako, ya ce ya ji labarin wani tsoho a wani ƙauye gabas da gari da ya tsira da shinkafarsa. Mota ba ta zuwa, kwalekwale muka hau, muna ratsa kan gonakin mutane.

Sunan tsohon Malam Bukar. Abin da ya sa tasa ta tsira, wata jar shinkafa ce ta gargajiya da ya gada wajen mahaifinsa, mai bin ruwa, in ruwa ya ƙaru ita ma ta ƙara tsawo. Ba ta yin yawa, shi ya sa duk garin suka bar ta suka koma irin zamani, har ana yi masa ba'a a kanta. Shi kaɗai ya rage da irin. A cikin kwalekwale ya yanke ta shi da 'ya'yansa, suka buge ta a kan wani tudu. Gidansa ya rushe, rumbunsa ya narke, ko buhu ɗaya ba shi da shi. Duk shinkafar tana tsibi guda a kan tamfol, iyalinsa kuma suna gefe a ƙarƙashin rumfar zana.

Ya ƙirga dammansa tun wajen yanka, ya san buhu goma yake da shi, kuma na yarda da lissafinsa, don da na dubi tsibin ni ma goma na gani. Ya ce wa Alhaji takwas zai sayar, ya tada ɗaki biyu kafin sanyi ya shigo. Biyu za su rage, ɗaya ci, ɗaya iri. Suka daidaita. Malam Bukar ya ce ya sallama. Aka sauke buhunan Alhaji daga kwalekwale.

Tun da na ɗaga buhun farko na san tsibin ba zai kai yadda tsohon yake zato ba. Shi bai saba sayar wa dillali a gona ba, tiya-tiya yake kaiwa kasuwa in buƙata ta taso. Na cika na farko da na biyu yadda aka saba, da hula. Tsohon yana tsaye da hannu a baya. A na biyun ya ce, "Malam maɗinki, buhun nan ba ya ƙoshi ne?" Alhaji ya yi dariya ya ce, "Baba, buhun zamani ne, kamar yaran zamani." Tsohon ma ya yi murmushi.

A na uku na sassauta hannu. Aka buga sau ɗaya, na soka sanda ban kai ta gindi ba, na murɗe kunne na ɗinke. Alhaji yana can yana waya, na yi zaton bai gani ba. Na yi na huɗu haka. Yana gama wayar ya zo ya tsaya a kan su biyun. Bai ma danna su ba, kunnen kawai ya ja.

Ya ce, "Habu, hannunka ke ciwo?"

Na ce, "A'a, Alhaji."

"To ko azumi kake?"

"Ba na azumi, ranka ya daɗe. Na ga shinkafar da sauran danshi ne, in an matse ta za ta yi zafi."

"Danshin ni zai cuta, ni za a rage wa a Kano. Kwalekwalen nan kai ka ɗauko shi? Farke."

Na farke su da wuƙata, na sake cikawa. Kada in zalunce shi, bai zage ni ba, kuma gaskiya ne a shekarar shi kaɗai ya yarda ya shiga ruwa neman kaya. Amma daga nan bai sake matsawa ba, yana tsaye a kaina har na takwas.

Da aka fara na takwas, 'yan dako suna tattaro gefen tamfol suna karkato da ita tsakiya. Na ɗora hular ƙarshe, abin da ya rage a tamfol bai fi tiya biyar ba. Tsohon ya tsuguna ya sa hannu a ciki.

Ya ce, "Alhaji, goma ce fa."

Alhaji ya ce, "Baba, ga su nan a gabanka, ka ƙirga. Ko na ɗauki na tara?"

"Ba ka ɗauka ba."

"To alhamdu lillahi."

"Ka bar mini hular guda ɗaya, ta iri. Babu mai irin nan sai ni."

"In na cire hula ya zama ba buhu ba ne, sai mu koma ciniki a kan bakwai. Ka zaɓa."

Tsohon ya dubi rumfar zanar da iyalinsa suke, ya ce a bar shi a takwas.

Muka share gindin buhu kamar kullum. Saboda farkewar nan da na yi, sharar ta yi yawa, ta kai tiya huɗu. A nan ya kamata in juye ta a kan tamfol ɗin tsohon in wuce. Ban yi ba. Maɗinkin da ya mayar wa manomi shara a gaban mai saye, kamar ya ce dillalin ɓarawo ne, ba zai sake riƙe masa buhu ba, dillalan kuma duk bakinsu ɗaya. Sati uku ke nan ba a dafa abin kirki a gidana ba. Na ƙulle ta a ƙyalle na sa a kwalekwale. A hanya na raɗa wa Sabo su bar mini rabonsu. Ya dube ni ya ce, "Kai dai da shegen tunani. Ɗauka." Ɗayan ma ya bari.

Da na isa gida matata ta ga ƙulli ta ɗauko turmi, na ce ba ta ci ba ce. Na yi niyyar mayar wa Malam Bukar washegari. Sai na yi tunani: in na kai yanzu, da yunwar da suke ciki, cinye ta za a yi tare da tiya biyar ɗin can, iri ya ƙare. Gara in ajiye ta sai an kusa shuka. Sai kuma na shiga tunanin ɓera, da ƙwari, da kajin maƙwabta, da yaran gida. Na samo buhun taki, irin mai leda a ciki, na wanke shi na shanya ya bushe. Na juye shinkafar, na ƙulle ledar, na ninke bakin buhun sau biyu, na bi shi da ɗinki ƙanana-ƙanana, irin wanda ban taɓa yi wa dillali ba. Na rataye shi a ɗaki. Duk rani nakan tashi in shafa shi in ga ko ɓera ya taɓa. Bai taɓa ba. Sau biyu abinci ya yanke mana, ban buɗe ba.

Da aka yi ruwan farko na nemi rana ɗaya, na ce wa Alhaji zan je gaisuwar mutuwa, Allah ya yafe mini wannan. Na hau babur zuwa ƙauyen. Na tarar da Malam Bukar ya tada ɗaki ɗaya da rabi, yana zaune yana gyaran ƙota. Bai gane ni ba sai da na ce ni ne maɗinkin Alhaji Ɗan'azumi. Ya ce, "Af, mai hula." Ya sa aka kawo mini ruwa. Na tambaye shi tiya biyar ɗin nan. Ya ce jikarsa ta yi rashin lafiya da sanyi, ba ta iya cin komai sai fate, haka aka riƙa ɗiba har ta ƙare. Bana irin zamani ya sayo zai shuka, kamar kowa.

Na kwance buhun daga bayan babur na ajiye a gabansa. Na ce, "Baba, sharar ranar nan ce. Taka ce. Ban taɓa ko ƙwaya ba."

Ya daɗe yana kallon buhun. Ya kira babban ɗansa ya ce ya zo ya gani. Tsohon ya kasa samun bakin zaren, sai ni na sa wuƙa na farke. Ina kwance ledar wari ya bugo mu. Shinkafar ta dunƙule, ta yi baƙi-baƙi, da farin abu kamar auduga a tsakaninta. Tsohon ya ɓantaro kaɗan ya murza a tafin hannu, ya tsinci ƙwaya ɗaya ya ciza, ya tofar. Ya sake tonowa daga tsakiya, ya sake cizawa. Har ƙasan buhun ya zazzage a kan tabarma yana bi da yatsa.

Ya ce, "Ka shanya ta kafin ka rufe?"

Na ce, "Buhun na shanya."

Ni da bakina na gaya wa Alhaji a ranar cinikin cewa shinkafar da sauran danshi. Na faɗa ne don in kare kaina, ban riƙe maganar ba. Shekara talatin ina rufe hatsi, ban taɓa ajiye iri ba, don ba ni da gona. Ɗan ya fara cewa ai da an kawo tun a lokacin, uban ya ɗaga masa hannu ya dakatar da shi. Na ce ko za a gwada jiƙa kaɗan a gani. Ya ce a gwada, don dai kada ya ƙi mini. Bayan sati na aika a tambaya, aka ce ko ɗaya ba ta tsiro ba.

Amma a ranar, da na tashi tafiya, ya rako ni har wajen babur da buhun a hannunsa, yana juya bakin yana duba zaren. Ya ce in gai da gida, Allah ya ba da ladan niyya. Sannan ya miƙo mini buhun.

Ya ce, "Ɗinki kam ya yi, ɗana. Ko iska ba ta shiga ba."